Nomau Ba Sunan Yanka Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Direkta na cibiyar koyon sana'o'in da ɗana ya yi karatu, nan garin Dakoro.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, da malaman da ke aiki a ƙarƙashinka, da ɗaliban da aka ba ku amana. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah ya ba da ladan ɗawainiya.

Ban rubuta sunanka ba, ban rubuta sunan cibiyarku ba, kuma da gangan na yi. Za a karanta takardar nan a taron iyayen ɗalibai, na kuma yarda a tura ta ga duk uwar da take so ta gani. Ba tonon asiri ya sa na ɗauki bik, wato alƙalami, ba. Ku kun san kanku, ya isa.

Sunana Saratu. Haifaffiyar Birnin Lalle ce ni, aure ya kawo ni Dakoro. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har ajin ƙarshe na kolej, na ci jarrabawar brebe, sannan aka yi mani aure. Ɗiyana shida. Na farin shi ne dalilin wannan takarda. Gari ya san shi da Nomau, don an haife shi ana tsakiyar noman firi, ranar da duk mazan gidan suna gona. Yanzu shekarunsa ashirin da ɗaya. Ya gama shekara biyu a wurinku yana koyon aikin kuran, wato lantarki, na hasken rana da gyaran fanfon burtsatse.

Kafin in kawo kukana sai na fara da godiya, domin abin da kuka yi mani ya fi abin da kuka ɓata mani yawa nesa ba kusa ba, kuma mai ɓoye alheri ba shi da bakin yin ƙorafi.

Gaskiya ban so ya zo wurinku ba. Ni da na zauna a aji, burina in ga ɗana a biro, wato ofis, da takardu a gabansa. Sau biyu ya zauna brebe, sau biyu ya faɗi. A lokacin, in aka ce mani cibiyar koyon sana'a, abin da nake ji shi ne lakwal ɗin waɗanda suka kasa. Na faɗa da bakina a gaban mata, yau kuma ina janyewa a gaban mata. Shekara guda ya yi a gida ba karatu ba aiki. Da hantsi ya wanke ido ya nufi fada, inda samarin unguwa ke shimfiɗa tabarma su ɗora shayi, a sha na ɗaya, a sha na biyu, a sha na uku, a yi gardamar ƙwallon da ba a ƙasarsu ake bugawa ba, har la'asar. Ina faɗa wa iyaye: zaman nan ba hutu ba ne, ciwo ne. Yana cin yaro a hankali kamar gara a cikin rumbu, daga waje komai lafiya lau, ranar da za a buɗe a tarar da ƙaiƙayi. Da na ga nawa ya fara amsa mani magana yana kallon tarho, na san in ban tashi ba na rasa shi. Haka na haɗiye girman kaina na zo ƙofarku.

Cikin wata uku na ga canji. Malamin kuran da kuka ba su, ban san inda kuka samo shi ba, amma ku riƙe shi da kyau. Wanda ya makara ba ya shiga. Wanda ya bar kayan aiki a ƙasa sai ya share wurin aiki duka shi kaɗai. Yaron da sai na yi da gaske yake tashi sallar asuba ya koma shi ke buga wa ƙannensa ƙofa. Ya samo wani tsohon akwatin katako ya jera kayansa a ciki, kowane ƙarfe da wurinsa, ko ubansa bai isa ya ɗauki filaya bai mayar ba. Fano, wato faifan hasken rana, da ke bisa ɗakina yau shi ya kafa shi, shi ya ja wayar, kuma iskar damina biyu ta wuce bai motsa ba.

A bazarar da ta wuce fanfon burtsatsen wata unguwa a Birnin Lalle ya tsaya. Mata suka koma tsohuwar rijiya, irin namu na nan masu zurfi, waɗanda sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Malaminsu ya kwashe su ya kai su can, ya tsaya gefe ya ce su nemo ciwon da kansu. Aka ce nawa ne ya buɗe akwatin kuran ya gano wayar da ɓera ya ci. Gwaggonsa, yayar maigidana, tana cikin matan da ke wurin. Da ruwa ya zubo ta kira ni, ban ji sallamarta ba sai guɗa. Ta ce, "Saratu, ɗanki ya shayar da gari!" Na ce mata, "To, malaminsa ya iya koyarwa." Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, ko dutse ya fi ki taushi." Na kashe tarho. Abin da na yi bayan na shiga ɗaki na saki labule, tsakanina da Ubangijina ne.

Uwa ba ta yabon ɗan fari, kuma ba zan fara yau ba. Malamai nake yabo. Yabon gwani ya zama dole. Allah ya saka maku da alheri.

Yanzu ga kukana. Diplom ɗin, wato takardar shaidar gama karatu, da kuka ba shi yana ɗauke da suna Nomau. Takardar haihuwarsa tana ɗauke da wani suna daban, sunansa na yanka. Saboda wannan saɓani aikin da ya samu yana neman kuɓuce mishi. Zan jera yadda abin ya faru, in fara da laifina.

Na ɗaya: yadda sunan ya shiga kundinku.

Ranar da na zo rubuta shi lokacin kaka ne. Shi yana Birnin Lalle yana taya kawunnansa ɗaurin hatsi. Maigidana, wanda fataucin dabbobi ne sana'arsa, ya yi arewa. Takardar haihuwar yaron tana cikin dosiyensa, wato kunshin takardunsa, a kolej, ba a mayar mana ba tukuna. Aka ce wurare sun kusa cika, sai na yafa mayafi na zo ni kaɗai.

Na tarar da benci cike da mata, rabinsu na san su. Da layi ya zo kaina na zauna gaban sakatarenku. Ɗan garin nan ne, na san mahaifiyarsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya buɗe kundi, ya ce, "Inna, sunan yaron?"

Na yi shiru, na dubi ƙasa.

Mai Girma Direkta, kai ka san dalili, amma bari in faɗa saboda ƴan baya da za su ji. A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Nawa kuma kunyarsa biyu ce, domin sunan mahaifin maigidana aka mayar mishi, surukina, Allah ya jiƙansa. Tun ranar suna har yau kalmar nan ba ta fita daga bakina ba. Akwai wani mahauci a kasuwa mai irin sunan, shekara da shekaru ina sayen nama a wurinsa, Mai Sunan Tsoho nake ce mishi. Sai dai in karatun Alƙur'ani ne ya biyo ta kan sunan, wannan maganar Allah ce, ba tawa ba.

Sakatare ya ɗago kai ya dube ni, nan take ya gane. Ya yi murmushi ya ce, "Af, yi haƙuri Inna, na farin ne? Nomau ke nan." Na gyaɗa kai. Ya rubuta. Sunan uban bai ma tambaye ni ba, ya san shi, ya rubuta daidai. Ya juyo mani kundin na sa hannu. Na fita ina sa mishi albarka a zuciya. Har da na haɗu da mahaifiyarsa a wani gidan biki na ce mata ta haifi ɗa mai tarbiyya, ya raba ni da jin kunya a gaban mata.

Laifina a nan a fili yake. Na iya rubutu. Da na miƙa hannu na karɓi bik ɗinsa na rubuta sunan a bayan wata takarda, da ba mu zo nan ba. Tunanin ya zo mani, amma idanun matan benci suna kaina, na ji tsoron a ce ƴar lakwal ta zubar da kunya. Na zaɓi bakin mutane a kan takardar ɗana. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, ga nawa na nuna kafin in hango naku.

Na biyu: naku.

Mako guda bayan haka na karɓo takardar haihuwar daga kolej. Na yi fotokopi, na kai meri, ofishin magajin gari, aka buga mata hatimi, na kawo da ƙafata na sa a hannun sakatare. Na ce mishi ya duba da kyau, abin da ke ciki ba shi ne abin da ya rubuta ba. Ya ce, "Ba komai Inna, za a gyara." Ya ja aljihun tebur ya jefa ta ciki. Na yarda da shi na tafi.

Shekara biyu, Mai Girma Direkta. Shekara biyu takardar nan tana gidanku, ba wanda ya ajiye ta kusa da kundi ya gwada. An kira suna a aji da Nomau. An yi jarrabawa da Nomau. An tura jerin sunaye Maradi da Nomau, aka sa hannu, aka buga hatimi, aka dawo da diplom. Kuna koya wa ɗiyanmu cewa ba a haɗa waya sai an gwada, ba a rufe akwati sai an sake dubawa. Da biro ɗinku ya yi aiki da darasin da ake koyarwa a bayan bangonsa, da ya isa.

Shi ma yaron ban ƙyale shi ba. Na zaunar da shi na ce, ƙato kamarka, kana ganin sunanka a takardun jarrabawa ba daidai ba, ba ka da bakin magana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ni ban taɓa jin kin kira ɗayan ba. Da na ga wannan kika rubuta mani, na ɗauka shi kika fi so."

Na ce ya tashi ya ba tumaki ruwa. Amma maganar tana nan zaune a ƙirjina, kuma tana cikin abin da ya sa na rubuta takardar nan.

Na uku: abin da ke gabanmu yanzu.

Wani kamfani mai kafa fanfunan hasken rana a rijiyoyin burtsatse zai yi aiki a ƙauyukan wajen Bader Goula. Suka zo neman matasa, suka yi masu gwaji da hannu, ba da baki ba. Aka zaɓi Nomau. Aikin ba na kwana biyu ba ne, bayan kafawa akwai kula da fanfunan da gyaransu. Aka ce kowa ya kawo dosiye: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, takardar kotu mai shaidar ba a taɓa ɗaure shi ba, da diplom. Ukun farko duka suna ɗauke da sunan yanka. Diplom kaɗai ya fita daban.

Shugaban aikin ya jera takardun a kan motarsa, ya duba, ya sake dubawa. Yaron ya ce mani sai da mutumin ya yi dariya, ya ce, "Samari, ni mutum ɗaya na ɗauka, ka kawo mani biyu. Wa aka haifa, wa ya yi karatun?" Mutumin kirki ne, ya ga aikin yaron da idonsa. Amma ya ce takardun sama za su tafi, can kuwa ba wanda ya san wani Nomau, takarda kawai suka sani. Ya ba shi lokaci zuwa ranar da ayarinsu zai tashi. Daga yau da nake rubutu, kwana goma suka rage. In ba a kawo ba, wanda ke biye da shi a gwaji zai hau motar.

Da a ce rashin aikin ne kaɗai, da na ce Allah ya kawo wani. Ba shi kaɗai ba ne. Abokansa na fada suna shirin tafiya arewa wurin haƙar zinariya, sun ce sun riƙe mishi wuri a mota. Shekaranjiya na ji yana faɗa wa ƙanensa cewa in aikin nan ya wuce shi, ba zai zauna a yi mishi dariya ba, zai bi su. Bai san ina bayan zana ba. Mai Girma Direkta, a unguwarmu akwai iyaye mata da ɗiyansu suka tafi can. Wasu sun dawo da babur da tari. Wasu sai dai a ce an gan su. Akwai wadda har yau in tarho ya yi ƙara sai ta ruga ta ɗauka, ko shi ne. Ban kawo yaron nan wurinku ya koyi jan ruwa daga ƙasa don ya je ya shiga rami da kansa ba. Kun yi shekara biyu kuna ɗora shi a kan hanya, kada kalma ɗaya a takarda ta sauke shi.

Na huɗu: zuwana uku.

Zuwan farko aka ce ka tafi aiki Maradi, in dawo. Ban ga laifin wannan ba, shugaba yana da inda ake kiransa.

Zuwa na biyu sakatare ya zazzage aljihun teburinsa a gabana, fotokopin ba ta ciki. Ya yi ta ba ni haƙuri. Ya ce ko mu je kotu a yi mana takardar da ke shaida cewa mai suna kaza da mai suna kaza mutum ɗaya ne. Na tambaya, an ce ana yi. Amma ba lallai ta fito cikin kwanakin da suka rage ba, kuma ko ta fito, wato ɗana zai yi rayuwarsa yana yawo da takarda ta uku a aljihu, duk biro ɗin da ya shiga sai ya fara rantsuwa cewa shi ne shi? Kuskuren da aka yi a tebur guda, a gyara shi a teburin.

Zuwa na uku shi ne ya ɓata mani rai. Kana cikin taro. Wani ma'aikacinku, ba sakatare ba, yana zaune yana danna tarho, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Hajiya, ai mafi sauƙi ku canza takardar haihuwar ta koma Nomau, tunda da shi kowa ya san shi." Na ce mishi, "Ɗana, da za a ce ka goge sunan kakanka don magatakarda ya huta, za ka goge?" Ya ci gaba da danna tarhonsa. Ina fata ya yi tunani. Sunan nan da safe aka raɗa shi, liman ya yi addu'a, aka yanka rago, dattawa suka shafa fatiha. Sunan mutumin da ya riƙe gidan nan ne har ya koma ga Allah. Nomau laƙabi ne, damina ce ta ba shi, mu muka riƙa kira don mu kauce wa na gaskiya. Suna linzami ne. Ranar da za a kira kowa ya tashi, ba da Nomau za a kira shi ba. Matashin da ba ya bambance sunan yanka da laƙabi bai kamata a bar shi kusa da kundin ɗiyan mutane ba sai an koya mishi.

A ranar ne sakatare ya biyo ni har bakin ƙofa ya faɗa mani yadda ake yi. Ya ce ana iya gyarawa, amma sai wanda ya sa hannu a kundi ranar rubutawa ya kawo buƙata a rubuce, ya bayyana sunan da ke daidai, a haɗa da sabuwar fotokopi, kai ka sa hannu, a kai Maradi. Maigidana ya ce shi zai rubuta. Aka ce hannun da ke cikin kundi ba nasa ba ne. Nawa ne.

Kwana shida farar takarda tana kan faifai a ɗakina. In ɗauka in ajiye. Jiya bayan azahar na ce wa kaina, Saratu, ke ce mai yi wa ɗiyan mutane faɗa a kan lalaci da jinkiri, ga ki kina jinkiri da abincin ɗanki. Sai na yanke shawara cewa in dai dole ne in rubuta, ba zan rubuta a ɓoye in tura a ƙarƙashin ƙofa ba. Zan rubuta inda wata za ta amfana.

Na biyar: ba ni kaɗai ba ce.

Da na fara ba da labarin, wata maƙwabciyata mutuniyar garin Mai Yara ta dafe ƙirji. Ɗiyarta tana koyon ɗinki a wurinku, kuma da Auta aka rubuta ta, don da shi ake kiranta tun tana goye. Ban san adadin irinsu a kundinku ba, ba zan ƙirƙira ba. Amma ku buɗe ku duba. Duk inda kuka ga Tanko, ko Ladi, ko Cindo, ko Delu, ku tsaya ku nemi takardar haihuwa. Wataƙila shi ne a rubuce, wataƙila ba shi ba ne.

Ga ƴan'uwana mata kuma, ku ji daga bakin wadda ta faɗa ramin. Ban ce ku zubar da kunya ba. Masu cewa kunyar ɗan fari jahilci ce, su je su dubi gidajen da aka daina jin kunyar komai, su dawo su ba ni labari. Kunyar nan ita ta hana mu sangarta ɗan fari, ita ta sa kakanni da gwaggwanni suke da rabo a cikinsa. Ina riƙe da ita, kuma ɗiyana mata da ita na tarbiyyantar da su. Amma biro ba gidan biki ba ne. Kundi ba ya gane sunkuyar da kai. Abin da aka rubuta ranar farko shi zai bi yaro har tsufansa. In baki ba zai iya ba, ki riƙe takardar haihuwa a hannu ki miƙa. In ba ki da ita, ki tafi da wanda zai faɗa. Kada ki gyaɗa kai ga abin da kika san ba shi ba ne, ko da mai tambayar ya yi maki ne don ladabi. Kuma ku sa ɗiyanku a sana'a tun da wuri, kada ku jira sai sun faɗi sau biyu kamar yadda girman kai ya sa na jira.

Saboda haka, Mai Girma Direkta, ga abin da nake roƙo.

Ka karɓi takardar nan a matsayin buƙatar da aka ce in rubuta. Na haɗa ta da sabuwar fotokopi mai hatimin meri. Ka sa a gyara kundi, ka sa hannu, a kai Maradi cikin makon nan. In babu mai kaiwa, maigidana yana gari, ya ce zai bar kasuwa ya kai da kansa ya jira a ƙofa. In kuma ka ga sabon diplom ba zai fito cikin kwana goma ba, ka rubuta wa shugaban aikin takarda da hatiminka, ka shaida cewa kuskuren daga biro ne kuma gyara yana hanya. Ya ce in daga hannunka ta fito, zai karɓa ya jira.

Ka sa a gwada kundin ɗalibai duka da takardun haihuwarsu kafin a sake tura wani jerin sunaye.

Ranar rubuta sababbin ɗalibai, a ajiye ƴar takarda da bik a kan tebur. Uwar da ta yi shiru, a tura mata su. Wadda ba ta iya rubutu ba, a jira takardar haihuwa. Kada a sake cike wa kowa suna da ka.

Sakatarenka kuma ina roƙon kada a wulaƙanta shi a kan maganata. Ka yi mishi faɗa a kan fotokopin da ya jefa a aljihu, wannan sakaci ne, kuma ya ji. Amma abin da ya yi ranar farko tarbiyya ce ta sa shi, ni ce babba, ni ya kamata in tsayar da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya albarkaci malamanku, ya sa hannuwan da suka koyar su zama hujja gare su ranar gobe. Allah ya ɗaukaka cibiyar nan, ya cika ta da ɗiyan talakawa, ya fitar da su da abin yi. Yadda kuka riƙe mani nawa, Allah ya riƙe maku naku.

Saura abu ɗaya, wanda tun farkon takardar nan nake kewaya shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tambayi malamin da ke koya mana karatu, ya yi dariya ya ce babu zunubi ko da baki na faɗa, balle da alƙalami. Na san babu zunubi. Nauyi ne. Gwaggonsa za ta ji, matan benci za su ji, za a yi mani dariya har kaka mai zuwa. Su yi. Shi ma zai gani, ya san ba don na fi son ɗayan ba ne.

Sunan da za ku rubuta a kan diplom ɗin ɗana shi ne:

Haruna.

Na mahaifinsa daidai yake a kundinku, kada a taɓa shi, kuma kada wani ya ce in rubuta shi. Kunya ɗaya ta isa mace ta ajiye a rana ɗaya.

Wassalam.

Saratu,
wadda ta sa hannu a kundi,
Dakoro.